NAZARI: Kayan gwajin manyan layukan lantarki, ɓangaren da ake mantawa da shi idan Arewa ta shiga duhu

Da asubahin ranar Litinin, 21 ga Oktoba, 2024, da misalin ƙarfe 4:53, ɗaya daga cikin tagwayen layukan lantarki masu ƙarfin kilobolt 330 da suka tashi daga Ugwuaji a Jihar Enugu zuwa Apir kusa da Makurɗi ya katse. Wutar da yake ɗauke da ita ta koma kan ɗan'uwansa, shi ma bayan minti biyar ya bi sahu. Kamfanin Dakon Wutar Lantarki na Ƙasa, TCN, ya ce megawat 468 aka rasa nan take. An yi ƙoƙarin mayar da layukan biyu, amma kowanne ya sake katsewa.

A lokacin kuwa ɓata-gari sun riga sun lalata layin Shiroro zuwa Mando a Kaduna, wanda shi ne babbar hanyar da wuta ke bi ta shiga Arewa maso Yamma. Sakamakon haka jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Asibitoci suka koma kan janareta, masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano suka rage aiki, masu niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara suka zauna hannu rabbana.

Ma'aikatan TCN sun kwashe kwanaki suna bin layin, turke bayan turke, kafin su tarar da wayar da ta tsinke a wani daji mai fadama a yankin Igumale na Jihar Binuwai. Sai ranar 30 ga Oktoba aka dawo da layi na farko.

Mahawarar da ta biyo baya ta tsaya ne kan 'yan bindiga da ɓarayin ƙarfe da kuma rabon tashoshin lantarki tsakanin Kudu da Arewa. Duk waɗannan batutuwa ne na gaskiya. Sai dai akwai wata tambaya da ta kwanta a ƙarƙashinsu: da wane kaya ake gane lafiyar layi kafin ya faɗi, kuma da wane kaya ake gano inda ya faɗi cikin mintuna maimakon kwanaki?

Ƙananan na'urori, babbar ɓarna

Kwana biyu kafin katsewar layin Ugwuaji, wato ranar Asabar 19 ga Oktoba, babban layin lantarki na ƙasa ya durƙushe. Hukumar Kula da Harkokin Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ce tushen matsalar shi ne fashewar wata tiransifomar awo a tashar Jebba da misalin ƙarfe 8:15 na safe. Shekara guda kafin nan, ranar 14 ga Satumba, 2023, Ministan Lantarki Adebayo Adelabu ya alaƙanta wata durƙushewar da gobarar da ta tashi a na'urar awon ƙarfin wuta a layin Kainji zuwa Jebba. Wannan ya faru ne jim kaɗan bayan TCN ya yi shelar cika kwana 400 ba tare da layin ƙasa ya faɗi ba.

Abin lura shi ne, a lokutan biyu ba turke ne ya faɗi ba, kuma ba a zargi ɗan bindiga ba. Na'urori ne da ke tsaye a farfajiyar tasha, waɗanda kuɗinsu bai kai wani abu ba idan aka kwatanta da kuɗin babbar tiransifoma ko na gina layi. Irin waɗannan na'urori sukan yi watanni, wani lokaci shekaru, suna lalacewa daga ciki: danshi ya shiga, man da ke cikinsu ya gurɓace, takardar da ta naɗe waya ta tsufa. Ido ba ya ganin wannan, amma na'urar gwaji tana gani.

Gaɓoɓi biyar na kayan gwaji

Kayan gwajin layi iri-iri ne, kuma kamfanoni irin su Omicron na Ostiriya da Doble na Amurka da Megger mai asali a Ingila ne suka yi fice wajen ƙera su. Amma ko wane iri aka ɗauka, za a same shi da gaɓoɓi biyar.

Na farko shi ne matattarar wuta, wato ɓangaren da ke samar da wutar da za a tura cikin layin da aka kashe domin a ga yadda zai karɓe ta. A nan akwai wata dabara. Wutar Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa guda, kuma ko da an kashe layi, maƙwabtansa da ke aiki suna watso masa hayaniya a kan wannan bugun. Saboda haka na'urorin zamani sukan tura tasu wutar a bugun da ya ɗan gaza 50 da kuma wanda ya ɗan zarce 50, su yi awo a nan, sannan su lissafo abin da zai kasance a kan 50 ɗin. Kamar mai magana ne a tsakiyar kasuwa da ya sauya murya domin abokinsa ya bambance ta da ta jama'a.

Na biyu shi ne ma'auni, wanda ke karanta ƙarfin wuta da yawan kwararta da kuma ratar lokaci da ke tsakaninsu. Daga waɗannan abubuwa uku ne ake fitar da turjiyar layi, wato gwargwadon yadda yake jayayya da wutar da ke ratsa shi. Idan ma'aunin ya kauce, duk abin da aka gina a kansa ya kauce. Shi ya sa ake mayar da na'urar ɗakin gwaji lokaci zuwa lokaci, galibi shekara-shekara, a daidaita ta da ma'aunin da aka amince da shi.

Na uku shi ne mahaɗi da kayan kare rai. Layin da aka kashe ba lallai ne ya mutu ba. Idan yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da wani layi mai wuta, musamman idan turke ɗaya ke ɗauke da su biyun, yakan ɗebi wutar da ta isa ta kashe mutum. Tsawa da ta faɗa a nisan kilomita ɗari ma tana iya biyo waya ta iso tasha. Don haka akwai akwatin da ke raba ma'aikaci da layin, da sandunan sada waya da ƙasa, da abin da ke zubar da wutar bazata cikin ƙasa kafin ta kai ga mutum. Ma'aikacin da bai da wannan ɓangaren, gaskiyarsa ce idan ya ƙi taɓa layin.

Na huɗu shi ne agogo. Gwaje-gwaje da yawa suna buƙatar a tsaya a bakin layi biyu a lokaci guda, misali wata tawaga a Mando wata a Kumbotso, kuma na'urorinsu su fara aiki a daidai ƙiftawa ɗaya. Ana samun wannan daidaito ne daga agogon tauraron ɗan'adam na GPS, wanda kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba.

Na biyar shi ne kwamfuta da manhajar da ke fassara awo da adana shi. Wannan ne ɓangaren da aka fi rainawa, alhali shi ne ke ba sauran ma'ana. Sakamakon gwaji ɗaya tilo ba ya faɗin abu mai yawa. Sai an jera na bana kusa da na bara da na bara waccan sannan ake ganin ko na'ura tana gangarawa. Gwajin da aka rubuta a takarda aka jefa a durowa, aka kuma yi wa injiniyan da ya yi shi sauyin wurin aiki, daidai yake da wanda ba a yi ba.

Dogarin layi da abin da aka gaya masa

A kowane bakin babban layi akwai na'urar kariya da injiniyoyi ke kira rile. Aikinta shi ne ta lura da wutar da ke wucewa, idan ta ga alamar matsala ta umarci makatsin wuta ya buɗe. Ana son duk wannan ya kammala cikin abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba.

Nau'in da aka fi dogara da shi a dogayen layuka yana aiki ne da nisa. An gaya masa turjiyar layin tun daga farko har ƙarshe. Idan waya ta taɓa ƙasa ko ta taɓa 'yar'uwarta, turjiyar da yake gani takan ragu gwargwadon kusancin wurin, daga nan ya gane ko matsalar a gonarsa take ko a gonar maƙwabci. Bisa al'ada, akan saita zangonsa na farko ya rufe kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na layin, ya katse nan take. Zango na biyu yakan zarce ƙarshen layin, amma yana jinkirta kusan sulusi zuwa rabin daƙiƙa, domin ya ba dogarin gaba damar yin aikinsa.

Matsalar ita ce, wannan dogari bai san komai ba sai abin da aka gaya masa. Sau da yawa alƙaluman turjiya ana fitar da su ne ta lissafi daga zanen layin. Lissafin kan yi kusa da gaskiya idan matsalar tsakanin waya da waya ce. Amma mafi yawan matsalolin manyan layuka tsakanin waya ɗaya ne da ƙasa, kuma a nan wutar tana komawa ne ta cikin ƙasar kanta. Ƙasar fadamar Binuwai daban take da duwatsun Jos, kuma dukansu daban suke da rairayin Yobe. Ko wuri ɗaya ma, yadda yake a watan Agusta ba haka yake a watan Maris ba. Hanya ɗaya ta sanin gaskiyar lamarin ita ce a kashe layin, a tura masa wutar gwaji, a auna.

Idan alƙaluman ba daidai ba ne, ɗayan biyu kan faru. Ko dai dogarin ya yi jinkiri har matsalar ta girgiza tashoshin samar da wuta, ko kuma ya yi azarɓaɓi ya katse layi mai lafiya, nauyinsa ya koma kan wani layin, shi ma ya faɗi. Ƙasashe masu arziki ma sun ɗanɗana wannan. A ranar 14 ga Agusta, 2003, mutane kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada sun rasa wuta, kuma binciken da aka yi ya nuna yadda na'urorin kariya suka ɗauki nauyin da ya yi yawa a matsayin matsala, suka riƙa katse layuka ɗaya bayan ɗaya. Irin haka ya taka rawa a Indiya a ƙarshen Yulin 2012, lokacin da fiye da mutum miliyan 600 suka shiga duhu.

Akwai na'ura ta musamman da ke jarraba rile. Takan ƙirƙiro masa matsalar ƙarya, ta ba shi irin ƙarfin wuta da kwararar da zai gani da a ce waya ta tsinke a kilomita kaza, sannan ta ƙirga tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya amsa. Wata na'urar kuma tana auna saurin buɗewar makatsin wuta. Akwai kuma gwajin batiran tasha, domin idan wuta ta ɗauke, su ne ke ba rile da makatsi ƙarfin motsi. Batir ɗaya da ya mutu a cikin jeri yana iya mayar da kariyar tasha gaba ɗaya hoto.

Gano wurin matsala: kilomita huɗu ko turke ɗaya

Darasin Igumale ya fi fitowa fili a nan. Rile na zamani yakan ba da ƙiyasin nisan wurin da matsala ta auku, amma ƙiyasin ya dogara ne da waɗancan alƙaluman turjiya. A layi mai tsawon kilomita 200, kuskuren kashi 2 cikin 100 yana nufin kilomita huɗu, wato kimanin turaku goma idan tazarar da ke tsakaninsu mita 400 ce. Idan alƙaluman ba a taɓa auna su ba, kuskuren na iya ninka haka. A kan kwalta wannan ba komai ba ne. A cikin fadama ko dajin da 'yan bindiga ke kai-komo, kowane turke da aka ƙara a lissafi ƙarin kwana ne da ƙarin kasada da ran ma'aikaci.

Akwai hanyar da ta fi wannan daidaito. Duk lokacin da waya ta tsinke ko ta yi tartsatsi, wani kaɗawar wuta yakan tashi daga wurin ya nufi bakin layin biyu da gudun da ya kusa na haske, kimanin mita 300 a kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Idan akwai na'ura mai agogon GPS a kowane baki, sai a duba wadda kaɗawar ta riga isa da kuma ratar da ke tsakani. A layi mai kilomita 200, idan ta riga isa tashar farko da kashi 200 cikin miliyan na daƙiƙa, bambancin tafiyar kilomita 60 ne, ke nan matsalar tana kilomita 70 daga tashar farko, 130 daga ta biyu. Da wannan hanya ana iya taƙaita bincike zuwa turke ɗaya ko biyu, kuma amsar tana fitowa kafin a tayar da mota.

Gwajin da ake yi a ƙarƙashin turke

Wasu kayan gwajin a kafaɗa ake rataya su. Akwai ma'aunin ingancin abin da ke raba waya da ƙarfen turke, wanda masu aikin lantarki ke kira mega, daga sunan kamfanin Megger, kuma na manyan layuka yakan tura bolt 5,000 zuwa 10,000. Akwai ma'aunin turjiyar gindin turke, inda injiniyoyi ke son adadin ya kasance ƙasa da om 10, domin idan tsawa ta faɗa kan turke ta samu hanyar shiga ƙasa maimakon ta tsallaka kan waya. Ɓarawon da ya tone wayar gindin turke ya sayar bai kayar da komai ba a ranar, amma ya ɗana tarkon da zai tashi da ruwan farko.

Akwai kyamarar zafi da ke nuna mahaɗar waya da ta saki ta fara ƙuna, da kyamarar da ke ganin tartsatsin da ke tashi daga fayafayan tangaran da gilashi da suka tsage ko ƙurar hunturu ta lulluɓe. Waɗannan biyun ba sa buƙatar a kashe layi, kuma ana iya ɗora su a kan jirgi marar matuƙi. Akwai kuma gwajin man tiransifoma, inda ake ɗibar kaɗan a kai ɗakin bincike a duba iskokin da suka narke a ciki. Samun iskar asitilin, wadda masu walda suka sani, alama ce cewa wuta tana tartsatsi a cikin tankin.

Dalilin da ya sa Arewa ta fi shiga haɗari

Mafi yawan tashoshin samar da wuta masu amfani da iskar gas suna Kudu. Madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru suna yankin Neja ne, kuma daga nan wuta ke bin dogayen layuka ƙalilan zuwa Kaduna da Kano, zuwa Jos da Gombe da Yola da Damaturu da Maiduguri, da kuma Birnin Kebbi da Sakkwato. Har Jamhuriyar Nijar tana rataye da waɗannan layuka, ta Birnin Kebbi zuwa Yamai da kuma ta Katsina zuwa yankin Maraɗi da Damagaram.

A nan ne wani ƙulli yake. Gwaje-gwaje mafi muhimmanci suna buƙatar a kashe layi na wasu sa'o'i. Inda garuruwa ke da hanyoyi biyu ko uku na samun wuta, ana kashe ɗaya a gwada ba tare da kowa ya sani ba. Inda layi ɗaya ne tilo ke ciyar da jihohi, kashe shi yana nufin jefa miliyoyin mutane cikin duhu da gangan, da asarar kuɗin shiga ga kamfanonin rarraba wuta na Kano da Kaduna da Jos da Yola, da kuma kiran waya daga gidajen gwamnati. Jarabar ɗage gwaji zuwa wani lokaci tana da ƙarfi. Layin da aka fi buƙata shi ne wanda ya fi wuyar gwadawa. Mazauna Maiduguri sun san ma'anar dogaro da layi ɗaya, tun daga Janairun 2021 lokacin da mayaƙa suka tarwatsa turakun layin Damaturu, birnin ya shafe watanni babu wutar ƙasa.

Kayan gwaji ba za su hana ɗan bindiga dasa nakiya a gindin turke ba, kuma ba za su maye gurbin sababbin layuka ba. Amma suna rage kwanakin da ake ɓatawa wajen lalube, suna kuma hana matsalar layi ɗaya ta zama ta ƙasa baki ɗaya.

Inda kuɗi ke tafiya, da tambayoyin da suka dace

Kuɗi sun shiga harkar dakon lantarki. A Fabrairun 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 486 domin inganta layuka da tashoshin TCN. A Yulin 2019 Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Siemens na Jamus da burin kai wa megawat 25,000 a 2025, burin da har yau ƙasar ba ta kusanci ko rabinsa ba. Matakin gwaji na shirin ya ƙunshi manyan tiransifomomi 10 da tashoshin tafi-da-gidanka 10.

Irin waɗannan kaya suna da daɗin ƙaddamarwa: a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Akwatin gwaji kuwa ba shi da bikin buɗewa. Da dala ake sayensa, da dala ake sabunta lasisin manhajarsa, kuma yana buƙatar injiniyan da ya ƙware, irin wanda kamfanonin waje ke zawarci. Cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta NAPTIN, wadda aka kafa a 2009, da hukumar NEMSA mai alhakin dubawa da gwada kayan lantarki, duk suna da rawar takawa a nan.

Dokar Lantarki ta 2023 ta buɗe hanyar raba TCN gida biyu, inda aka kafa hukumar NISO mai kula da tafiyar da layin ƙasa, TCN kuma ya ci gaba da riƙe turaku da wayoyi da tashoshi. Wannan rabuwa ta sa batun gwaji ya ƙara muhimmanci, domin wanda ke ba da izinin kashe layi daban, wanda ke gwadawa daban, kuma idan layi ya faɗi kowanne na iya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Rubutaccen sakamakon gwaji ne kaɗai zai raba gardama.

Saboda haka kwamitocin lantarki na Majalisar Tarayya, da gwamnonin Arewa da suka yi ta taro bayan duhun Oktoba, da ƙungiyoyin masu masana'antu, suna da tambayoyi masu amsa a lamba da za su iya yi, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar yin su a rubuce. Layukan kilobolt 330 nawa ne aka auna turjiyarsu a zahiri, kuma a wace shekara? Nawa ne ke da na'urar gano wurin matsala a bakunansu biyu? Yaushe aka yi wa tiransifomomin awo na Jebba da Kainji da Shiroro da Mando da Kumbotso gwaji na ƙarshe, kuma me ya nuna? Sau nawa aka nemi izinin kashe layi domin gwaji aka hana? Nawa aka ware a kasafi domin daidaita na'urorin gwajin kansu?

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da waya ta tsinke a tsakiyar daji, abin da zai yanke yawan kwanakin da Kano da Gombe za su yi cikin duhu shi ne awon da aka yi, ko aka ɗage, watanni kafin wannan rana.